Inna Mai Maɓalli da Jakar Cefane

A layin teloli, ƙarƙashin matattakalar wani tsohon bene, akwai ɗan shagon da in mutum biyu suka shiga, sai ɗaya ya fita kafin ɗayan ya samu damar juyawa. Nan Inna Mai Maɓalli take zaune tun yawancin telolin layin ba su san zura zare a allura ba. Kwalabe ne jere har rufi, kowace da irin maɓallinta. Zif na rataye a ƙusoshi, zare na kan katako launi-launi, ga allurar keke, ga alli, ga robar ƙugun wando a nannaɗe. Tela zai zo da ƙyallen yadi, ta dube shi sau ɗaya, ta miƙa hannu baya ko waiwayawa ba ta yi ba, ta sauko da kwalbar da ta dace. In ya ce shi wani yake so, ba ta musu. Sai ta zuba masa a takarda ta ce, "Je ka, ina nan zaune." Kafin azahar ya dawo yana sosa ƙeya.

Ita 'yar mai wanki da guga ce. Mahaifinta yana da wani gwangwanin madara da yake jefa duk maɓallin da ya tsinke daga kayan mutane ba a zo nema ba, kuma da shi ta yi wasanta na ƙuruciya. A shagon mahaifin nata ta fara ganin mutumin da ta aura. Mai gyaran rediyo ne, siriri, mai wushirya, wanda bakinsa ba ya rabo da labari. Sau uku yana zuwa ya ɗauki rediyon tsohon, wai yana jin wata ƙara a ciki da bai yarda da ita ba. A na huɗu tsohon ya ce, "Yaro, rediyon nan lafiyarsa lau. In da abin da ya kawo ka, turo manyanka." Ranar da ta tare, sai ta tarar da gwangwanin a cikin kayanta. Har yau ba ta san wanda ya saka shi ba.

Ɗaki da falo suka kama a gidan haya mai famfo ɗaya a tsakar gida. Mai Rediyo ba mugu ba ne, wannan ko maƙiyinsa ba zai faɗa ba, in ma yana da shi. Bai taɓa ɗaga mata murya ba. In ta yi zazzaɓi shi ke ɗebo ruwa, matan gidan suna ƙus-ƙus, bai damu ba. Lalurarsa ɗaya ce: hannunsa ba ya riƙe komai. Teburinsa na bakin mahaɗar titi kullum cike yake da abokai, ana jin labarai ana gardamar ƙwallo. Wannan ya kawo gyara, "Haba, tsakaninmu?" Wancan ya zo da fuskar yunwa, a kira mai shayi. Da safe zai laluba aljihu ya ajiye mata abin da ya samu a kan tebur, wata rana ya isa, wata rana sai ya zaro hannun wayam, ya yi 'yar dariya ya ce, "Yau sai dai ki yi dabara, Allah zai kawo."

Dabarar farko ita ce gwangwanin nan. Tana da cikin fari, gishiri ya ƙare, sabulu ya zama kamar farce. Ta ji wani tela da ke ɗinki a zauren gidan yana faɗa shi kaɗai saboda maɓalli ɗaya ya ɓace masa, mai riga kuma yana hanya. Ta zazzage gwangwanin a faranti ta aika masa. Ya samu wanda ya dace, ya kuma ɗebi wasu ya biya. Ranar ta dafa abinci da kuɗin da ba ta jira kowa ya ajiye mata ba, ta kuma ji wani irin daɗi da ba ta iya gaya wa kowa ba.

Daga faranti aka koma tire, daga tire aka koma ƙaramin tebur a ƙofar gida, daga nan sai ƙarƙashin matattakala. 'Ya'ya huɗu suka zo, namiji ɗaya babba, mata uku a bayansa. Ba a taɓa zama an raba aiki ba, abin ya zame ne a hankali. Ta fara da gishiri da sabulu, ta wayi gari ita ce shinkafa, ita ce mai, ita ce takalman makaranta. Mai gidan haya ma ya daina tsayawa a teburin Mai Rediyo, kai tsaye yake wucewa shagonta ƙarshen wata. Zanen jikinta kuwa, tun na aure ba ta tuna ranar da mijin ya riƙo mata ko ɗankwali ba. Shi kuma a gaban abokai sai ya buga ƙirji ya ce, "Matar nan tawa ai namiji ce!" In labarin ya dawo mata takan ji daɗi. Ta ɗauka yabo ne, shi ma kuma da yabo yake nufi.

Ta haura shekara arba'in kafin ta samu sararin shiga makarantar matan aure. Bayan la'asar ake yi, a wani ajin firamare, manyan mata a kan bencin yara gwiwoyinsu na dukan teburi. Malamar yarinya ce sa'ar 'yarta ta biyu, mai tabarau, mai sanyin murya. Inna ta je ne don ta gyara karatun sallarta. Wata rana aka zo kan haƙƙoƙin aure, Malama ta ce ciyar da mace, da tufatar da ita, da ba ta wurin zama, duk wajibi ne a kan miji gwargwadon ƙarfinsa.

Inna tana warware wani zare da ya harɗe a jakarta, rabin kunne take saurare. Sai ta ji an ƙara da cewa, "Ko da matar ta fi shi dukiya. Abin da ta nema nata ne."

Ta ɗago kai. "Malama, a maimaita wannan na ƙarshen."

Aka maimaita.

"Ko tana da shago?"

"Ko tana da kanti goma, Inna."

"Har sabulu?"

Ajin ya fashe da dariya. Malama ta danne tata ta ce, "Har sabulu."

"To, wadda ta shekara ashirin da biyar tana yi fa? Ita mene ne sunan nata?"

Malama ta gyara tabarau. Ta ce in mace ta taimaki mijinta da son ranta, kyautatawa ce, kuma tana da lada mai yawa wurin Allah. Amma ba wajibinta ba ne, kuma bai kamata a karɓa kamar bashi ake bin ta ba.

Inna ta fara dariya. Ta yi ta yi har hawaye suka zubo, har maƙwabciyar bencinta ta dafa mata kafaɗa, don ta lura dariyar ta sauya hanya. Ba wahalar ce ta taɓa ta ba, wahala ai ta saba. Abin da ya tsaya mata a wuya shi ne duk ranakun da tukunya ta makara ta riƙa jin kunya, ita ce mai ba da haƙuri, ita ce mai jin ta gaza.

Ba ta tayar wa mijin da maganar ba sai washegari da safe, yana zaune a bakin gado yana hura shayi.

"Malam, jiya an karanta mana wani abu." Ta faɗa masa tiryan-tiryan yadda ta ji.

Ya kurɓi shayin, ya ajiye kofin a hankali, ya ƙura wa yatsun ƙafarsa ido. "Haka ne," ya ce.

"Haka ne me?"

"Haka abin yake. Liman yana faɗa a huɗuba."

"Au, ka sani?"

"Na sani."

"Shekara ashirin da biyar ka sani, ka yi shiru?"

Ya ɗago ya dube ta, fuskarsa kamar ta yaron da aka kama da hannu a gwangwanin sukari. "Na ga kin fi ni iyawa ne."

Kwana uku ba ta yi masa magana ba in ban da gaisuwa. Shi da ya saba cika ɗaki da labari sai ya koma kamar baƙo, yana tafiya a kan yatsu. A rana ta huɗu ta ciro jakar cefanenta daga bayan ƙofa, tsohuwar jakar leda mai kauri da ta sha ɗinki a hannu, ta ɗora masa a cinya.

"Na baya ya wuce, na bar wa Allah. Daga yau kai ne. Abin da ka kawo shi za mu ci."

Ranar farko ya dawo da albasa kamar zai buɗe rumfa, da kifin da mai kifin ta kwana biyu tana neman wanda za ta liƙa wa, ya kuma manta gishiri. Rana ta biyu ya tuna gishiri ya manta mai. A ta uku babu wanda ya biya shi gyara, aka ci farar shinkafa da ragowar albasa. Autarta ta zo ta raɓe a jikinta tana cewa, "Inna, don Allah ki taimaka, Baba zai kashe mu." Kuɗin suna ɗaure a bakin zanenta, kasuwa tana nan kusa. Ta ce a rayuwarta ba ta taɓa yin aikin da ya kai wannan wuya ba, ta zauna hannu a cinya tana kallon tukunya.

Amma ta zauna. Mai Rediyo kuwa ya fara koyon abin da bai taɓa yi ba, wato faɗin kuɗin gyara kafin ya kwance ko ƙusa ɗaya. Abokai biyu suka yi fushi suka koma wani teburin. Sauran suka tsaya, suka sa masa suna Sarkin Cefane, yana wucewa da jaka suna masa kirari. Ya koyi danna cikin kifi, ya koyi juya baya kamar zai tafi don a rage masa. Wata rana ya shigo da ƙunshi a hammata yana murmushi tun daga zaure. Atamfa ce, ruwan lemo da shuɗi mai kashe ido, ga wasu manyan tsuntsaye da ba a san irinsu ba. 'Yan matan suka ruga bayan ɗaki suna toshe baki. Inna, wadda teloli ke neman shawararta a kan launi, ta juya atamfar gaba da baya ta ce, "Madalla, Allah ya ƙara buɗi." Ta kai aka ɗinka, ta sa ta je shago. Telan da ya fara buɗe baki ta ce masa, "Mijina ne ya sayo. Kai me ka kai wa taka?" Bai ƙarasa maganar ba.

Ba wai ta janye hannunta har abada ba ne. Sana'ar rediyo tana ja da baya, kuma ita ba za ta ga gidanta na tangaɗi ta kau da kai ba. Abin da ya sauya shi ne, yanzu in abin ya gagara sai ya zo ya zauna ya ce, "Wannan watan ya fi ƙarfina, ko za ki agaza?" In ta agaza ya ce ya gode. Da abin da ya rage mata ta sayi injin rufe maɓalli da yadi, ta sa fanka a shago, ta kuma je ta yi wata guda wurin yayarta da suka shekara goma sha ɗaya ba su ga juna ba.

Shekara tara suka ƙara tare. Ciwon hanta ne ya kwantar da shi. Wata safiya a asibiti, tana goge masa fuska da tsumma mai ɗumi, ya riƙe mata hannu.

"Shekarun nan na farko, kin yafe min?"

"Na gaya maka tun tuni."

"Ki sake faɗa in ji."

"Na yafe maka duniya da lahira," ta ce. "Kifin nan na ranar farko ne kawai har yanzu ina shawara."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Bayan kwana biyu ya rasu, da hantsi, ana ta hayaniyar masu kawo abinci a baranda.

Babban ɗanta ba ya gida lokacin da jakar cefane ta sauya hannu. Tun yana saurayi aka kai shi wani gari koyon gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki, ya dawo da gemu da suna Injiniya. Ya buɗe shagonsa, aiki ya karɓe shi, ya auri wata ma'aikaciyar jinya, doguwa mai kunya, wadda Inna ta ci gaba da kira Amarya har bayan ta haifi biyu. Suna shiri sosai. In Amarya ta taso daga aikin safe takan biyo ta layin teloli, ta zauna a kan kwalin zare ta cire takalmi, su sha ruwan sanyi tare.

A nan Inna ta fara lura. Wata rana Amarya ta zo neman maɓalli shida masu ruwan toka. Inna ta zuba mata, sannan ta tuna wannan doguwar rigar ce dai aka sauya wa maɓalli bara, aka kuma sauya mata bara waccan. Ta saci kallon takalmin da ke gefe, ta ga an ɗinke shi har ɗinkin ma an sake ɗinke shi. Ga yarinya mai albashi, ga miji mai aiki har yana mayar da wani.

"Amarya, rigar nan ba ta gaji ba?"

"Ina son ta ne, Inna."

"Takalmin ma son sa kike?"

Amarya ta yi murmushi ta sunkuyar da kai. Inna ba ta matsa ba. Ranar hutun yarinyar sai ta rufe shago da rana tsaka ta tafi gidan ba sanarwa. A falo ta tarar da sabuwar talabijin da ta kusa cin rabin bango, da wasu lasifikoki biyu tsayin yaro. Ta wuce kicin kamar mai neman ruwa, ta buɗe wannan ta rufe wancan. Ta dawo ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa.

"Zo nan, 'yata. Wa ke cefane a gidan nan?"

"Muna taimakon juna ne, Inna."

"Ban tambaye ki abin da yake cewa ba. Wa ke sayen shinkafa?"

Amarya ta kau da kai.

"Haya fa?"

Sai hawaye. Da ƙyar maganar ta fito. Tun watan da ta fara ɗaukar albashi ya ce ta riƙe cikin gida, shi zai tara nasa su sayi fili. Shekara biyar ke nan, fili bai bayyana ba, sai babur ya zama sabo, waya ta zama sabuwa. Ta so ta koma karatun ungozoma, sau biyu tana cike takarda tana ajiyewa. Ba ta gaya wa iyayenta ba don kada su ga baƙinsa, ba ta gaya wa Inna ba don ɗanta ne.

"Ba ya zagina, Inna, wallahi. Yana da kirki."

"Na san irin kirkin," in ji Inna. "Na zauna da shi."

Washegari ta sami Injiniya a shagonsa, kansa cikin wani firji da aka kwantar a ƙasa. Ya fito da sauri yana goge hannu, ya jawo mata kujera, ya durƙusa ya gaishe ta. Ta bari ya gama, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta, ba ta ɗaga murya ba.

"Ita ta kawo ƙarata?"

"Takalminta ne ya kawo ƙararka."

"Inna, zamani ya sauya. Tana da albashi fa."

"Albashin da sunanka ake biya?"

Ya juya sukudireba a hannu. Can ya ce, a hankali, ba da rashin kunya ba, "To ai ke ma haka kika yi wa Baba. Tun ina yaro ke nake gani kina komai. Kuma kun zauna lafiya."

Maganar ta shige ta kamar allura. Ta zo da niyyar yi masa faɗa, sai ta tarar ita ce malamar da ta koyar da shi, ba tare da ta taɓa buɗe baki ba. Ta daɗe tana kallon tiyon gas da ke ƙasa.

"Gaskiya ka faɗa," ta ce. "Ka ga rabin farko, ba ka ga na biyu ba. Ubanka da furfurarsa ya ɗauki jaka ya shiga kasuwa ana masa dariya. A gadon asibiti abin da ya roƙe ni ke nan, in yafe masa. Ni na samu na yafe, don ya gyara da ransa. Kai wa ya ba ka tabbacin za ka samu wannan lokacin?"

Ta tashi ta gyara mayafi.

"Ba roƙonka na zo yi ba. Haƙƙinta ne. In ta ce za ta je gaban alƙali, ni zan raka ta, kuma a ɓangarenta zan zauna."

Wata guda bai taka gidanta ba, shi da ba ya kwana biyu bai leƙo ba. Ƙannensa mata suka zo mata su uku. Babbar ta ce, "Haba Inna, Yaya ne fa. Ɗanki na cikinki za ki tona wa asiri saboda bare?"

"Ke a gidan mijinki mece ce?" in ji Inna. "Ba bare ba ce? In aka yi miki haka, me za ki so uwarsa ta yi?"

Ta faɗa da ƙarfin hali, amma watan nan ta rame. Duk ƙarar babur da ta ji a layin sai ta ɗaga kai. Sau biyu ta ba tela zif ɗin da bai nema ba.

Amarya ba ta so kotu ba. Ta ce ita mijinta take so, gyara kawai take nema. Don haka aka yi zama a falon Inna wata ranar hutu da hantsi: mahaifin Amarya, wani tsohon direba mai kunyar magana, da ƙanin marigayi Mai Rediyo, da limamin unguwa. Injiniya ya zo a makare ya zauna bakin ƙofa. Liman ya yi bayani a taƙaice. Mahaifin yarinyar ya fara cewa ai a yi haƙuri, zaman aure sai da rufin asiri, sai Inna ta ce, "Alhaji, haƙurin ta yi shekara biyar. Yau kam a bar ta ta yi magana." Amarya ta yi magana, idonta a kan tabarma. Ba ta nemi na baya ba. Ta ce ya ɗauki ci da haya da suturarta da ta yara, ita kuma a bar ta ta yi karatunta, in ta ga dama ta taimaka ta taimaka.

Kawun ya juya ya ce, "Kai, ka ji. Da ƙarya a ciki?"

"Babu," in ji Injiniya. Ya share fuska da tafin hannu. "Ban san takalminta ya mutu ba. Wallahi ban taɓa dubawa ba."

"To ka fara dubawa," in ji uwarsa.

Ba a rana ɗaya ya gyaru ba. Wata uku ya yi daidai, a na huɗu ya zame, Amarya da kanta ta tare shi wannan karon, ba sai an kira kowa ba. Lasifikokin suka bar falon, ba wanda ya tambayi inda suka tafi. Ya dawo gaishe da uwarsa, da farko a tsaye a bakin shago, daga baya ya koma zama yana cinye mata gyaɗa. Amarya ta yi karatunta shekara biyu ta fito ungozoma.

Labarin ya zaga layin teloli, kamar yadda komai ke zagawa a can. Tun daga nan duk telan da zai yi aure, in ya zo sayen maɓallin rigar angonci, sai Inna ta riƙe kwalbar a cinya ta ce, "Faɗa min abu uku da ke kanka." In ya yi inda-inda ta ce ya je ya tambayo ya dawo. Wani ya taɓa cewa ai amaryarsa 'yar masu kuɗi ce. Ta ce, "Madalla. Kuɗin ubanta ne ya ce yana son ta, ko kai?"

Shekarun baya-bayan nan idonta ya fara hazo. Ta ɓoye iya ɓoyewa, har ranar da Amarya ta gan ta tana laluben bakin kofi da yatsa kafin ta zuba ruwa. Amarya ba ta yi shawara da kowa ba ta kai ta wurin likitan ido, aka ce yanar ido ce, sai an yi aiki. Ranar aikin Inna tana zaune a benci da hular asibiti a ka, sai ta ji muryoyi biyu da ta sani suna tashi a wajen tagar biyan kuɗi.

"Uwata ce, a kaina yake!"

"Ni na kawo ta, kuma da kuɗina na ga dama. Ko za ka hana ni?"

"Ki bari mana, mutane na kallo."

"Su kalla."

Inna ta ce wa matar da ke kusa da ita, "Baiwar Allah, don Allah leƙa ki ce wa waɗancan biyun su rage murya, asibiti ne nan." Matar ta tambaya ko 'ya'yanta ne. Ta ce, "Duka biyun." Wanda ya biya a ƙarshe ba ta sani ba, ba ta kuma tambaya ba.

Bayan sati uku ta koma shago. Ta buɗe ƙofa, ta tsaya tana kallon kwalabenta kamar ta yi shekara ba ta gan su ba. Sai ta sauko da ta baƙaƙen maɓallai, ta zazzage a tire, ta kai bakin ƙofa wurin haske. Kusan rabinsu shuɗi ne mai duhu. Ta sauko da ta shuɗin, ta tarar rabi baƙi ne. Ta ƙwala wa telan da ke kallonta daga tsallaken layi kira, wani mai furfura da ya fi shekara talatin yana sayayya a wurinta.

"Kai! Tun yaushe nake haɗa muku baƙi da shuɗi?"

Ya cire zaren da ke bakinsa. "Zai kai shekara biyu, Inna."

"Shekara biyu! Ba wanda ya iya buɗe baki a cikinku?"

"To me za mu ce? In mun koma sai mu zauna mu tsince, mu yi musaya a tsakaninmu."

Ta dube shi, ta dubi layin, inda kekuna suka yi shiru kowa ya sunkuyar da kai yana murmushi. Ta jawo kujerarta bakin ƙofa, ta ɗora tiren a cinya.

"Marasa kirki," ta ce. "To yau ba ciniki sai na gama. Mai sauri ya zo ya taya ni."

Mutum huɗu suka taso.